Darussan Ben Polak a YouTube: na ƙaru sosai

Wata biyu ke nan ina bin darussan Ben Polak na Jami'ar Yale kan lissafin dabarun gasa (game theory), wato yadda za ka yanke shawara in sakamakonka ya dogara da zaɓin wasu. Guda 24 ne, an ɗauke su a 2007, kuma kyauta.

Na biyu ya fi kama ni. A ciki an tattauna wani wasa: kowa ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 100, wanda ya fi kusa da biyu bisa uku na matsakaicin lambobin ya ci. Mai lissafi ba zai haura 67 ba, don ko kowa ya zaɓi 100, biyu bisa uku nasa kusan 67 ne. In ka san kowa ya gane haka, iyaka ta koma 45, sai 30, har a gangaro 1. Sharaɗin fa, kowa ya yarda da hankalin kowa, kuma malamin ya warware wannan dalla-dalla.

Da Turanci ne, kowanne ya haura awa ɗaya. Ku tanadi data da biro.