Kebul ko Wi-Fi: Wanne Ya Fi Wajen Haska Allon Waya a Kwamfuta?

Hanya biyu ce: ko ka jona waya da kebul ɗin USB, ko ka bar Wi-Fi ya ɗauko maka hoton.

Mai Android, in kebul ya zaɓa, manhajar scrcpy da ake sakawa a kwamfuta ta ishe shi. Kamfanin Genymobile ne ya fito da ita a 2018, kuma kyauta ce. Sai dai akwai ɗan ɗawainiya a farko: za ka shiga saitunan wayar, ka taɓa "Build number" sau 7 a jere, sannan ka kunna "USB debugging". Daga nan fa sai daɗi. Kana motsa yatsa a waya, hoton na biye da kai nan take, har ma ka iya amsa saƙon WhatsApp da madannan kwamfuta, wayar kuma na shan caji. Amma a kula, wani kebul ɗin caji kawai yake yi, ba ya ɗaukar bayanai, sai ka wuni kana zargin manhaja alhali ba ruwanta.

Ta Wi-Fi kuwa, ba igiyar da za ta ɗaure ka. Kwamfuta mai Windows na karɓar hoton wayar Android ta fasahar Miracast, iPhone na tura wa Mac, kwamfutar Apple, ta fasahar AirPlay tun daga macOS Monterey, tsarin Mac na 2021. Mai koyarwa da ke zagaya aji da waya a hannu, wannan ce tasa. Aibinta jinkiri: cunkoso na yin yawa a Wi-Fi, hoto ya fara tsinkewa, murya ta riga baki.

Ni dai, in wasan gem ne ko naɗar bidiyo, kebul nake ɗauka. Fim ɗin Netflix kuwa, galibi baƙin allo za ka gani ta kowace hanya, saboda kariyar haƙƙin mallaka.