Tsohuwar John Deere 212 ta hannu: za ta iya da ciyawar Zariya?

Daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba, duk mai kula da filin makaranta, filin ƙwallo ko harabar masauki a Samaru, Kongo ko GRA ya san yadda ciyawa ke yi. A share yau da langalanga, kafin mako biyu ta dawo har gwiwa. Shi ya sa ƙananan taraktocin yankan ciyawa na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, waɗanda ake saukewa a Legas a hauro da su, suka fara samun masu nema. A cikinsu wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce John Deere 212, ƙirar Amurka, wadda aka yi tsakanin 1975 da 1987.

Hukuncina a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta, amma ga wanda ke da bakanike mai haƙuri da fili wanda aka tsince duwatsunsa. Wanda ba shi da waɗannan biyun, ya bar ta.

Injinta Kohler K301 ne, silinda ɗaya, ƙarfin doki 12, gangar jikinsa zubin ƙarfe, iska ke sanyaya shi. Giya huɗu gaba, ɗaya baya, sai wani hannu a gefe da ke ƙara gudu ko rage shi ta hanyar bel ba tare da an canza giya ba. Kwanon da wuƙaƙe ke ciki yakan zo da faɗin inci 38 ko 46, wuƙa uku. Babu kwamfuta, babu wani abu da bakaniken janareta ko na babur a Sabon Gari zai buɗe ya rasa gane kansa. Yayarta 318, wadda aka yi daga 1983 zuwa 1992, ta fi ta daɗin tuƙi nesa ba kusa ba, tana da injin Onan mai silinda biyu da giyar da mai ke turawa. Sai dai ranar da famfon wannan giyar ya gaji, jiran kaya daga waje ne, damina kuma ba ta jira. Mai giyar hannu ta fi dacewa da mu.

In za ka saya, kada fenti kore ya ɗauke maka hankali. Fara da kwanon, domin shi ya fi komai wuyar samu. Sa a ɗaga shi, ka ƙwanƙwasa da guduma a kewayen inda sandunan wuƙaƙe suke zaune. In tsatsa ta cinye wurin har ƙarfen yana lotsawa, walda ba za ta riƙe ba sai an yanko sabon faranti mai kaurin milimita 3 an yi masa faci, kuma a rage wannan daga farashi. Kama kowace wuƙa ka girgiza sama da ƙasa. In tana wasa, boris ya tafi. Wannan ƙaramin abu ne, domin lamba tana jikin boris ɗin, a cire tsohon a kai wa masu kayan babur ko na injin niƙa su ba da irinsa. Bayan nan a tada injin yana sanyi, ba wanda mai sayarwa ya riga ya ɗumama ba. Hayaƙi shuɗi da bai ɗauke ba bayan minti biyu zuwa uku alamar zoben fistin ne ya ci. Ƙara mai nauyi daga ƙasan injin kuwa, wadda ke ƙaruwa in an sa wuƙaƙe, sandar fistin ce ta yi sako-sako, kuma irin wannan injin in ta karye takan fasa gangar jikin gaba ɗaya.

Dalilin karyewar kusan kullum ɗaya ne, ƙarancin baƙin mai. K301 ba shi da famfon mai, ba shi da matatar mai. Wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin yake tsoma kai cikin man yana watsa shi sama. Da man ya ragu ƙasa da layi, cokalin iska yake ɗiba. Yana cin kusan lita 1.4, Kohler ta ce SAE 30 a lokacin zafi, in ba a samu ba SAE 40 yana yi a yanayinmu. A duba sandar awo kafin kowane tashi, a juye duk bayan awa 25 na aiki, kuma kada a daɗe ana yanka a karkace a gefen kwari ko bakin lambatu, domin man yana taruwa gefe guda.

Abu na biyu da ke kashe shi a nan zafi ne. Fankar da ke jikin injin tana zuƙo iska tare da ɓurɓushin ciyawa, ta cusa su tsakanin haƙarƙarin silinda. Da rani kuma, tana ajiye a shago, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a wurin, ɓera ya yi sheƙa a cikin murfin fanka ya haɗa da cinye wayoyi. Injin zai tashi lafiya, ya yi rabin awa, sai ƙarfi ya ragu, daga nan gaskit ɗin kai ya ƙone. Kafin ruwan farko a kwance murfin fanka a share tas da burushi da iska. In gaskit ya riga ya ƙone, a ɗora takardar yashi a kan gilashi mai kauri a goge kan silindar har ya daidaita kafin a sa sabo, in ba haka ba zai sake hurawa. Matatar iska ta takarda ce da soso a kewaye. A wanke soson da sabulu, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. Masu cire matata su jefar wai injin ya sha iska, ƙurar Zariya za ta cinye musu zobe cikin shekara guda.

Wutarsa irin ta tsofaffin motoci ce, kontak da kwandensa da kwayil, da batir mai bolt 12. Tazarar kontak milimita 0.5 ce, kuma ita ce ke saita lokacin da wuta ke faɗawa, don haka a auna da ma'auni, a daina kintace da ido. Tazarar bawul injin yana sanyi: na shiga milimita 0.20 zuwa 0.25, na fita 0.43 zuwa 0.48. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauko kwayil ɗin mota kowane iri a ɗaura. In ba mai juriya a ciki ba ne, wato wanda ke nuna wajen om 3 zuwa 4 a mita, kontak zai ƙone cikin 'yan kwanaki. Barin makulli a kunne injin yana kashe shi ma yana dafa kwayil.

Tankin mai yana baya ƙarƙashin kujera, don haka sai da famfo fetur ke isa kafireta. Robar cikin famfon asali takan bushe ta tsage, fetur ya zube cikin baƙin mai. In ka ga man ya ƙaru a sandar awo yana warin fetur, nan ne. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne ƙaramin famfon lantarki mai matsin psi 2 zuwa 4, a toshe gurbin tsohon da faranti. Famfon motar zamani ya yi masa ƙarfi, zai cika kafireta ya yi ta zuba. A canza tiyo duka, a sa matatar fetur ta babur a hanya, kuma a guji man jarka na bakin titi. Ƙarshen damina a zuƙe tankin a bar injin ya ci sauran har ya mutu da kansa.

Idan injin ya mutu murus, ana ɗora mata injin Sin mai lamba 188F, kwaikwayon Honda GX390, ƙarfin doki 13. Yana yi, amma da sharuɗɗa. Kada a cire na jikin janareta, domin sandarsa tsukakkiya ce a baki, fuli ba ya zama a kai. A nemi mai miƙaƙƙiyar sanda da gurbin makulli, a auna kaurinta, don akwai mai milimita 25 akwai mai inci ɗaya, bambancin kaɗan ne amma ya isa ya sa fuli rawa. Tsayin sandar daga ƙasa ba ɗaya ba ne da na Kohler, sai an yanka faranti mai kaurin milimita 8 zuwa 10 an daidaita har bel ya miƙe sak; in ya karkace ko da kaɗan, zai riƙa tsalle yana cin gefe. Sannan in taraktar mai kulocin lantarki ce wajen kunna wuƙaƙe, kulocin yana jan amfiya 3 zuwa 5, yawancin waɗannan injinan kuwa cajinsu bai kai haka ba, sai batir ya mutu ana tsakiyar fili. A tambayi ƙarfin cajin kafin a biya. Gwamna kuma, wato na'urar da ke ƙayyade juyin inji, a bar shi a juyi 3,600 a minti, kada wani ya ja sifirin wai don ta ƙara gudu.

Wajen yankan kansa, a kan kiri-kiri da gajeriyar ciyawar fili aikinta ya yi kyau ƙwarai. Da kwano mai inci 38, a gudun kilomita 5 a awa, filin ƙwallo mai mita 105 da 68 yana ɗaukar wajen awa biyu. Tofa da gamba da suka kai ƙugu ba aikinta ba ne, bel zai yi ta zamewa har ya yi hayaƙi. A fara sare su da hannu, sannan a bi da kwano a ɗage can sama, a sake bi a ƙasa bayan kwana biyu. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka guda, kuma a jira raɓa ta bushe. Maƙura, wato totur, a buɗe take gaba ɗaya lokacin yanka, da giya ake rage gudu. Gaban kwanon ya fi bayansa sauka da milimita 3 zuwa 6, a auna a kan daɓen siminti bayan an daidaita iskar tayoyi, wajen psi 10 a baya, 12 zuwa 14 a gaba. Tayoyin a sa musu tib tun ranar farko saboda ƙaya.

Babban abokin gabanta a filayenmu suri ne da marmara da guntayen bulo da ciyawa ta rufe. Wuƙa ta daki ɗaya, sanda ta lanƙwashe, daga nan kwano ya kama rawa har noti su kwance. A zaga filin da ƙafa kafin a shiga, a kafa sanda a kan kowane suri. Wuƙa a wasa ta a kusurwar digiri 30, a rataye ta a ƙusa a ga ko gefe ɗaya ya rinjaya. Wadda ta tsage a jefar, kada a kai ta walda, kuma kada a yarda da wadda aka ƙera daga sifirin mota, tana iya ɓallewa ta tashi.

Inda ta gaza a fili yake. Tana da ƙara, tana jijjiga, birkinta na lallaɓawa ne, ba ta juyawa a matsattsen wuri, don haka gidan da ke da 'yar ciyawa tsakanin shukoki injin turawa ya fi masa. Bel ɗin hannun gudu ma na musamman ne, wanda ya samu ya sayi biyu. Kuma da yawa suna isowa an riga an haɗe wayar makullin kariya, wanda ke hana ta tashi in tana cikin giya ko wuƙaƙe suna kunne. A sa bakanike ya mayar da shi, a bar marfin bakin kwano a wurinsa, sannan a filin makaranta a yi yanka bayan an tashi yara, domin tsakuwar da wuƙa ta ɗauka tana iya fasa gilashin aji daga nesa.