Wasiƙa daga Manchesta a kan man peptayid

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Tambayar da kika aiko mini a kan mayukan nan masu peptayid ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Kin ce kina ganin tallarsu a Instagram da TikTok, kina so ki san ko da gaske suna aiki, kuma na wace ƙasa ya kamata in nemo miki. Kantunan Ingila cike suke da kayan Faransa, da na Amurka da Kanada, da na Koriya ta Kudu, ga kuma na Ingilar kanta, saboda haka na sami damar jera su in gwama.

Abin da ke riƙe fata ta tsaya da kyau furotin ne, babba a cikinsu kolajin, sai elastin mai sa ta koma daidai in an ja ta. Kowane furotin doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Idan sarƙar gajera ce, daga guda 2 zuwa kamar 50, ita ce peptayid. Lokacin da kolajin ya lalace yakan kakkarye, ƙwayoyin fata kuma sukan ɗauki gutsattsarin a matsayin sanarwa cewa an yi ɓarna, a ƙera sabo. Dabarar masu haɗa man ke nan: a ƙera irin wannan gutsure a ɗakin gwaji, a shafa, fata ta ji saƙon ta tashi gyara. Bukatar kuwa tana nan, don kolajin na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara bayan mutum ya girma, mace kuma takan rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru 5 na farko bayan ta daina al'ada.

Abin da ya ba ni mamaki da na fara karanta bayan kwalabe shi ne, duk yawan sunayen da ke gaba, sinadaran da ke ciki 'yan kaɗan ne, kuma 'yan kamfanoni ƙalilan ke ƙera su suna sayar wa sauran. Wanda ya fi yawo shi ne Matrixyl, na kamfanin Sederma na Faransa, wanda ya fito a shekarar 2000. A jerin sinadarai za ki gan shi da sunan palmitoyl pentapeptide-4. Shi Olay suka gina man Regenerist a kai a 2003. A 2005 masu binciken Procter & Gamble, wato kamfanin da ke da Olay, sun buga gwajin da suka yi a kan mata 93 na tsawon mako 12, gefen fuska ɗaya da mai mai ɗauke da sinadarin, ɗaya gefen da man da babu shi, suka ga ƙananan tamoji sun fi raguwa a gefen da ke da shi. Raguwa ce ta gaske, amma ba irin wadda maƙwabciya za ta tare ki a hanya ta tambaye ki a kai ba.

Na biyu shi ne Argireline, daga kamfanin Lipotec na Barselona a Sifaniya, sunansa a kwalba acetyl hexapeptide-8. Wannan ne 'yan talla ke kira Botox na cikin kwalba, wai yana sassauta motsin naman fuska. Gwajin da aka fi kafa hujja da shi na 2002 ne, an ga zurfin tamoji ya ragu har zuwa kashi 30 cikin 100 a kwana 30, amma mata 10 kacal aka gwada. Ni ban yarda a haɗa shi da Botox ba, don shi Botox allura ce ake yi a fuska. Allura tana kai magani har cikin nama, man da aka shafa kuwa da ƙyar yake wuce bayan fata. Na uku shi ne peptayid mai jan ƙarfe, GHK-Cu, wanda wani masani Ba'amurke, Loren Pickart, ya gano a jinin ɗan Adam a 1973. An fara saninsa ne ta fuskar warkar da rauni kafin masu kayan kwalliya su ɗauke shi. Ruwansa shuɗi ne saboda jan ƙarfen.

Maganar wuce bayan fata ita ce babbar matsalar duka. Allah ya yi fata ne don ta hana abu shiga. Masana suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi: abin da nauyin ƙwayarsa ya haura dalton 500 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Matrixyl ya kai kusan 800, Argireline kusan 890. Shi ya sa ake liƙa wa wasu wutsiyar maiƙo, kalmar palmitoyl da kike gani a farkon sunan ke nan, don su iya silalewa ciki. Cikakken kolajin kuwa nauyinsa ya kai kusan dalton 300,000, don haka man da aka rubuta kolajin ɓaro-ɓaro a gabansa laushi da danshi kawai zai ba ki, ba zai shiga ya zama kolajin ɗinki ba.

Yanzu bari in zo kan ƙasashen, don nan bambancin yake. A Tarayyar Turai akwai doka mai lamba 1223/2009. Kafin a sa mai a kasuwa dole a sami wani mutum ko kamfani da ya ɗauki alhakinsa, a rubuta sunansa da adireshinsa a jiki, a kuma ajiye rahoton da ya nuna ba ya cutarwa. Birtaniya, bayan ta fita daga Tarayyar, ta riƙe kusan dokar yadda take. Amma ki lura, wannan tabbaci ne na cewa man ba zai cuce ki ba, ba tabbaci ne na cewa zai goge tamoji ba. A Amurka kuwa hukumar abinci da magunguna, wato FDA, ba ta tantance kayan kwalliya kafin su fita kasuwa. Sai a Disamban 2022 aka sa hannu a dokar MoCRA, wadda ta tilasta wa kamfanoni yin rajistar masana'antunsu da kayansu. A can, in kamfani ya ce mansa yana sauya yadda fata ke aiki, to a idon doka ya zama magani, dole ya bi doguwar hanyar neman izini. Wannan ne dalilin da ya sa suke zagaye-zagaye a rubutunsu, su ce yana rage bayyanar tamoji, ba su cewa yana kawar da shi.

Koriya ta Kudu ta bi wata hanya dabam, wadda ta burge ni. Suna da rukuni na musamman na kayan kwalliya masu aiki, kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ce ke ba da izini kafin a rubuta cewa mai yana gyara tamoji. Sai dai sau da yawa sinadarin da ya samo wannan izini wani daban ne da ake kira adenosine, ba peptayid ɗin da aka buga da manyan baƙaƙe a gaba ba. Mayukansu suna da sauƙi a fata, ba nauyi, ba danƙo, kamar siram (wato mai ruwa-ruwa da ake ɗigawa) na kamfanin COSRX mai peptayid iri 6. Amma yawan iri ba ya gaya miki yawan abin da aka zuba.

Ga abin da zai fi yi miki amfani a duk wasiƙar nan. A Turai da Amurka ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, amma duk abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba ana iya jera shi yadda aka ga dama. Peptayid kusan kullum yana cikin waɗannan na ƙarshe. Wannan ba aibi ba ne, don ɗan kaɗan ake bukata, amma yana nufin ba za ki iya sanin ko an sa isasshe ko an ɗiga ne don talla ba. Shi ya sa nake fifita kamfanonin da ke faɗin adadi da sunan sinadarin, irin su The Ordinary na Toronto a Kanada da The Inkey List na nan Ingila. Kwalabensu ba su da ƙyale-ƙyale, kuma sinadarin da ke ciki daga masana'antu ɗaya yake fitowa da na manyan kamfanoni masu kwalba mai ruwan zinariya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mutanen Manchesta suna alfahari da wani labari. A 2007 wani shirin kimiyya na BBC ya nuna binciken da Farfesa Chris Griffiths na Jami'ar Manchesta ya yi a kan siram ɗin No7 na kantin Boots, mutane suka yi dogayen layuka har kayan suka ƙare. A 2009 aka buga gwaji mafi girma a kan mutum 60: bayan wata 6, kashi 43 cikin 100 na masu shafa man sun sami sauƙin tamoji, a masu shafa man da ba sinadarin kuma kashi 22. Boots ne suka biya kuɗin binciken, kuma man yana ɗauke da wani dangin retinol, wato nau'in bitamin A da ake shafawa don tamoji, ban da peptayid, saboda haka ba za a ba peptayid yabon shi kaɗai ba. Duk da haka na ji daɗin cewa an kai mai gaban jami'a an gwada shi, abin da yawancin kamfanoni ba sa yi.

Ta fuskar wanda zai ba ki shawara, Faransa ta fi. Kemis ɗinsu yana da babban sashe na kayan fata, kuma mai harhaɗa magungunan zai tambaye ki me kike shafawa, ko kina da ciki, ko fatarki na saurin ƙaiƙayi, wani lokaci ya ba ki 'yar leda ta gwaji. A manyan kantunan Ingila mai tsaye a teburin kwalliya yawanci ma'aikaciyar kamfani ɗaya ce, nata za ta nuna miki. Ganin likitan fata a asibitin gwamnati kuwa sai likitan unguwa ya tura ki, kuma don cuta ne, ba don tamoji ba. A Amurka manyan kantunan kwalliya sukan karɓi abin da aka buɗe in bai karɓe ki ba. A nan da zarar kin ɓalle hatimin, ya zama naki, sai in da lahani ya zo.

Yadda ake amfani da shi ba wuya. Ki fara gwadawa a cikin gwiwar hannu, sau 2 a rana, kwana 7 zuwa 10. In ba ja, ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje, sai fuska. Ki wanke da abin wanke fuska mai sauƙi, ki ɗiga siram ɗin ɗigo 3 ko 4 a tafin hannu, ki danna a fuska da wuya, sa'an nan man riƙe danshi a kai. Safe da dare. Kada ki sayi sabulu ko abin wanke fuska don peptayid ɗin da ke ciki, ruwa zai tafi da shi kafin ya yi komai. Peptayid yana zama lafiya da sinadaran da aka saba gani a mayukan fuska irin niacinamide da hyaluronic asid. Mai jan ƙarfen ne ke da sharaɗi: kada ki haɗa shi lokaci ɗaya da bitamin C mai ƙarfi ko asid masu ɓare fata irin glycolic, ki ba ɗaya safe, ɗaya dare. Kwalba mai famfo wadda haske ba ya ratsawa ta fi wadda ake tsoma yatsa, kuma ki ajiye ta nesa da rana da zafi. A jikinta za ki ga hoton ƙaramin gwangwani a buɗe da 6M ko 12M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe. Ki ba shi mako 8 zuwa 12 kafin ki yanke hukunci. Laushin da za ki ji a makon farko na danshi ne, aikin kolajin a hankali yake.

Dalilin da ya sa nake ganin ya dace da mu masu baƙar fata shi ne sauƙinsa. Fatarmu in ta ji haushi ta ƙone, tabon da take bari baƙi ne, kuma yana daɗewa. Retinol da ɗan'uwansa mai ƙarfi, tretinoin, sun fi peptayid ƙarfin hujja nesa ba kusa ba, amma suna iya sa ɓawo da zafi a farko, kuma ba a amfani da su lokacin ciki. Peptayid da wuya ya tayar wa fata hankali. Ba ya sa fari, ba aikinsa ba ne. Duk man da aka rubuta peptayid kuma ya haskaka mutum cikin 'yan kwanaki, akwai wani abu a ciki da ba a faɗa ba, wataƙila sinadarin bilicin nan hydroquinone, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a man shafawa tun 2001, ko sitiroyid. Haka kuma ki yi nesa da 'yan kwalaben peptayid na allura da ake sayarwa a intanet. A jikinsu ma an rubuta don bincike ne kawai, ba don jikin mutum ba.

Sai man kariya daga rana, Yaya, kuma a nan nake roƙonki ki saurare ni. Hasken rana yana tayar da wasu sinadarai a fata masu yanka kolajin, kuma baƙar fata ba ta tsira ba, illa dai ta fi jurewa. In kina shafa peptayid ba tare da man rana mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 ko sama ba, rana tana rushe abin da kike ginawa. Da za a ce in zaɓa miki abu ɗaya cikin biyun, man rana zan ɗauka.

Saboda haka abin da zan aiko miki guda 2 ne: siram mai Matrixyl wanda aka rubuta adadinsa, da man rana wanda ba ya barin farin toka a fuska. Mai jan ƙarfen mu bar shi tukuna. Kafin in saya, ki ɗauki hoton bayan duk abin da kike shafawa yanzu ki turo mini, in duba kada wani ya ci karo da wani. Ki gaishe mini da yara.