Shagon da aka hana ni zoɓo mai ƙanƙara

Jama'a wallahi tun satin da ya wuce nake son in yi maganar wani ɗan shagon kayan sanyi da na gano nan Maradi cikin unguwar Zariya, ba shi da allo ba shi da suna, rumfar kwano ce kawai da benci biyu da firigo ɗaya da firiza ɗaya, sai wata tsohuwar randa a gindin dogon yaro. Wata dattijuwa ce ke da shi, kowa Inna yake ce mata nima haka na bi.

Ranar da na fara zuwa cikin watan Afrilu ne, kun dai san Afrilun garin nan, rana ta haura digiri 40 kwalta har wani turiri take, na sauko daga kabu-kabu maƙogwaro kamar an zuba mini rairayin gulbi, na ce Inna a ba ni zoɓo wanda ya daskare sosai sosai. Ta dube ni ta ce "ɗana ƙanƙara kake so ko zoɓo?" Na yi dariya na zaci wasa take, ashe da gaske ne, ita ba ta saka zoɓonta a firiza ko kaɗan, firizar ta ruwan leda ce kawai.

Da farko raina ya ɗan sosu gaskiya, mutum da kuɗinshi a ce ga yadda zai sha. Amma da na kurɓa sai na yi shiru. Tsamin zoɓon ya fito, ƙamshin kanumfari ya fito, har ɗan ɓawon abarbar da ta dafa a ciki na ji, ni da na shekara nawa ina shan zoɓo ban san yana da wannan ƙamshin ba don kullum daskararre nake tsotsa. Kuma ku tuna yadda abin yake in ka sayi na leda mai ƙanƙara, ka huda ka tsotsa, minti biyu duk jan da zaƙin sun ƙare an bar ka da farin dutse a hannu kana ta matsa shi kamar mai tatsar busasshiyar akuya. Dalili shi ne ruwa ke fara daskarewa ya bar sukarin da launin a gefe, to ruwan sukarin nan ka fara zuƙewa, sauran kuma ruwan banza ne ka biya kuɗi. Ga shi sanyi in ya yi yawa yana kashe harshe, zaƙi ba ya jiyuwa sosai ƙamshi ba ya tashi, shi ya sa wasu masu sayarwa ke labta sukari, kuma zoɓon da aka tsinka da ruwa ba ka gane shi sai ya huce.

Inna tana da wani ɗan ma'aunin sanyi rataye cikin firigon, ta ce ɗanta ne ya kawo mata, kuma kowane abu da wurinshi. Zoɓo da tsamiya suna tsakiya wajen digiri 5 zuwa 6. Lemun citta a jikin ƙofa inda sanyin bai kai na ciki ba, wai citta in ta sha sanyi da yawa yajinta kaɗai ke zuwa maka ƙamshin ya ɓuya, na gwada duka biyun a gida daga baya kuma na yarda da ita.

Amma kunun ayarta shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutun. Shi can ƙurya take ajiye shi inda ya fi ko'ina sanyi, digiri 3 ko 4, ba don daɗi kaɗai ba, kunun aya ba shi da haƙuri, ka bar shi a waje cikin zafin nan kafin ka ankara ya fara tsami yana kumfa har kwalbar ta kumbura. Firiza kuma ba ta yi mashi, in ya daskare ya narke sai ya rabu biyu ruwa sama gari ƙasa, ko ka girgiza ba ya komawa yadda yake. Da asuba take niƙawa da dabino da ɗan kwakwa, ba ta ajiye na kwana, in ya ƙare ya ƙare. Kuma abin kunya ne ma a ce a Maradi mutum na shan kunun aya mara kyau, jihar da ita ce gidan aya a Nijar, daga wajen Madarunfa da Agye ake lodinta buhu buhu ana wucewa da ita Najeriya, amma sau nawa ka sayi kunu a bakin tasha ka ji ruwa ne da sukari da ɗan farin launi. Nata kauri gare shi, kana gama sha kofin na da shafi a jiki. Ƙaramar kwalba dala 50, zoɓo da citta dala 20, ni ban ga tsada ba ko da wasu za su ce na leda dala 5 ne, to ai ba abu ɗaya ba ne.

Wani abin dariya ya faru zuwana na uku. Na ce a ba ni Maltina, yaronta ya ɗauko daga ƙofar firigo ba daga ƙurya ba, na ce ƙanena wannan ai ba ta yi sanyi ba, sai wani tsoho da ke zaune kan benci ya sa baki, ya ce ya yi shekaru yana aiki a otel a Yamai kuma wannan rigimar ita turawa ke yi kan giyarsu. Wai mai ruwan ɗorawa mara nauyi wadda suke ce ma laga ana ba da ita da sanyi sosai digiri 3 zuwa 7, amma masu duhu masu nauyi ba a kai su can, a Ingila ma akwai wadda ake zubowa daga ganga a digiri 11 zuwa 13 kuma in ka kawo masu ita kamar ƙanƙara faɗa za su yi da kai. Inna ta ce "a'uzubillahi Alhaji, ni dai ba a sayar da wannan a rumfata", kowa ya fashe da dariya. Amma maganarshi ta hau, don malt ɗin nan da sha'ir ake yin shi, in ya yi sanyin ƙarshe zaƙi kaɗai da gas kake ji, in ya ɗan sassauta sai ka ji wannan ƙamshin kamar na gasasshen hatsi. Lemun kwalba irin su Coca kuwa Inna ma ta yarda sai da sanyi sosai, gas ya fi zama cikin ruwa mai sanyi, ka buɗe mai ɗumi ya yi maka ambaliya a hannu sauran ya zama lami.

Inda muka saɓa da ita fura ce. Ita a randa take sanyaya ruwan damu, ba ta jefa ƙanƙara, wai tana tsinka nono kuma ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba. Na biyun gaskiya ne ba musu, kuma randa a lokacin rani tana aiki don iska busasshiya ce ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta yana bushewa yana janye zafi. Amma ni fa a azumin bazara in ba na ji ƙanƙara na ƙara cikin kwanon fura ba ban sha ruwa ba tukuna, a nan kam Inna ki yi haƙuri.

Matsaloli akwai. Ba ta da gurup ba ta da sola, in aka ɗauke kuran na awa uku huɗu duk wannan lissafin digirin ya rushe, ta ce mini a 2023 da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulki daina kunun aya ta yi gaba ɗaya na watanni don ba ta iya sayar ma mutane ciwon ciki. Canji kuma kullum babu, kar ka je da jika 5 ka sha wahala. Wurin zama mutum shida ya cika, ƙuda na damu da rana, tsamiyarta sukari ya yi mini yawa na faɗa mata ta ce yara ne ke so haka.

In za ku je don kunun aya ku je kafin azahar. Jiya na tsaya fada shan shayi sai ƙarfe 5 na isa, ta ce "ɗana ka makara", tsamiyar nan mai sukari ita na sha na dawo.