WhatsApp, Zoom da kiran waya: wanne ya riƙe Zumuntar Mata lokacin korona?

Ranar 30 ga Maris 2020 aka rufe Legas da Abuja saboda korona, Ogun ta bi su ranar 3 ga Afrilu. Kaduna ta riga su da 'yan kwanaki, Kano ta biyo baya a watan Afrilu. Istar shekarar ta faɗo ranar 12 ga Afrilu, majami'u da yawa a garƙame. Sujadar Lahadi ta samu mafita da wuri, domin fasto zai iya wa'azi ta rediyo ko Facebook jama'a su saurara daga gida. Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ita ce ta shiga tsaka mai wuya, don aikinta ba na sauraro ba ne kawai. A ikkilisiyoyi irin su ECWA ko COCIN ko EYN ko LCCN ko Katolika, abin da aka san mata da shi ke nan: nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, koyon waƙa da tulu da caki, ziyarar marasa lafiya da masu jego, tara gudummawa don gwauraye da marayu, girki a gidan biki da gidan makoki. Duk aikin ƙafa ne da haɗuwa ido da ido.

Hanyoyi uku aka fi kamawa a lokacin: WhatsApp, Zoom, da kiran waya na haɗaka. Ma'aunin da muka ɗora su a kai ɗaya ne. Shin saƙon ya isa ga tsohuwar gwauruwar da ke riƙe da 'yar wayarta mai tocila, wadda ba ta da data, jikanta ne ma yake duba mata lamba? Idan bai isa gare ta ba, zumunta ta koma ta masu manyan wayoyi.

Bari mu fara sallamar Zoom, don maganarsa gajeriya ce. Na kyauta yana ɗaukar mutum 100, amma yana yanke taro bayan minti 40. Ana iya sake shiga ta mahaɗin nan dai, sai dai duk yankewa sai an yi asarar wasu da ba za su iya dawowa ba. Idan kowa ta kunna kyamara, awa ɗaya na iya lashe kusan gigabait guda, murya kaɗai kuwa ba ta kai megabait 50 ba. Don haka dokar farko ita ce a kashe kyamara, in ban da mai jagora. Ga taron shugabanni na gunduma, inda shugaba da magatakarda da ma'aji na ikkilisiyoyi da dama za su duba rahoto tare, Zoom ya yi. Ga taron mako na mata duka, bai yi ba.

Waƙa kuwa a manta da ita a can. Muryar kowa tana isa da ɗan jinkiri, jinkirin wannan daban da na waccan, sai mai ba da waƙa ta kai baiti na biyu masu amshi suna na farko. Ƙari a kan haka, manhajar tana ɗaukar ƙarar tulu da caki a matsayin hayaniya tana danne su. Akwai saitin da ke barin sauti yadda yake, amma ba ya maganin jinkirin. Abin da ke yiwuwa shi ne mutum ɗaya ta rera, sauran su rufe makirfo su amsa a ɗakunansu. Duk wadda ta san yadda amshin mata sittin yake cika majami'a ta san wannan maneji ne.

WhatsApp ne ya ɗauki mafi yawan nauyin, kuma ba don rubutu ba, don saƙon murya. Mata da yawa suna karanta Hausa sarai a Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, amma buga rubutu a waya yana ba su wahala. Wasu kuma Hausa ce harshen zumunta, a gida Berom ko Ngas ko Bajju ko Bura ko Tangale ake yi. Saƙon murya ya share wannan matsala gaba ɗaya. Ga arha: minti goma ba ya wuce megabait biyu, kuma ba sai kowa tana kan layi lokaci ɗaya ba. Mai sayar da ƙosai ta saurara bayan ta sauke kasko, ma'aikaciyar jinya ta saurara bayan ta tashi daga aikin dare.

Naɗar saƙon ma da ƙa'idarta. A kashe fanka, a shiga ɗaki mai katifa da labule don murya kada ta yi amsa-kuwwa, a riƙe waya kamar taƙi ɗaya daga baki. Idan waƙa ce, mai tulu ta ja baya taku uku ko huɗu, in ba haka ba bugun zai cika makirfo kalmomi su ɓace. Nazari mai tsawo a raba shi kashi uku, kowanne kamar minti biyar: karatun nassi, bayani, sai tambayoyi da addu'a. Saƙon minti ashirin a dunƙule, kaɗan ne ke jin ƙarshensa. Gara ma a naɗa da manhajar naɗar murya ta wayar sannan a tura, domin kira yana iya shigowa ana tsakiyar naɗi ya katse shi. Wannan hanya tana da wata riba: fayil ɗin yana nan a waya, ana iya tura shi ta Bluetooth ko Xender, ko a zuba a katin memori a sa wa mai ƙaramar waya ta ji ba tare da data ba.

Inda zauren WhatsApp yake lalacewa sananne ne. Shugaba ta sa sanarwar rasuwa da lokacin jana'iza, cikin rabin awa "Amin" tamanin da hotunan furanni na barka da safiya sun binne ta. Wayoyin da mata da yawa ke riƙewa a lokacin masu gigabait 8 ko 16 ne, bidiyoyi kan cika su da wuri, daga nan wayar ta fara sanƙarewa, mai ita ta fusata ta goge manhajar. Maganin shi ne zaure biyu. Na farko na sanarwa, a saita shi yadda admin kaɗai ke iya turawa, admin ɗin kuma kada su gaza uku, don idan wayar ɗaya ta ɓace aiki kada ya tsaya. Na biyu na hira da roƙon addu'a. Sannan a zauna da kowace mace, ko ɗanta, a kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye a saitin ajiya da data. Wannan ɗan gyara na minti biyu ya fi kowane dogon gargaɗi ceton data.

A 2020 zaure ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, abin da ya matsa wa manyan ikkilisiyoyi na Jos da Kaduna. A 2022 aka ɗaga shi har zuwa 1,024. Kiran haɗaka na cikin manhajar mutum huɗu ne kacal lokacin da aka fara kulle, a ƙarshen Afrilun 2020 aka mai da shi takwas, daga baya 32. Wato wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen wancan lokaci sun wuce. Akwai kuma jerin aikawa da ke tura saƙo ga kowa ita kaɗai, amma tarkonsa shi ne wadda ba ta ajiye lambar mai turawa ba ba za ta samu komai ba, mai turawa kuma tana zaton ya isa.

Babban aibin WhatsApp a wannan aiki shi ne jita-jita, kuma takan shigo ne sanye da rigar imani. An ga saƙonnin tafarnuwa da ruwan zafi da citta a matsayin magani, an ga na cewa 5G ce ta kawo cutar. Da rigakafi ya iso Najeriya a watan Maris 2021, sai ga masu haɗa shi da lambar 666. Ƙarshen irin saƙon kullum ɗaya ne, wai a tura wa mutum goma don a ceci rai, mace mai tausayi kuwa ba ta son ta zama ita ce ta riƙe. Kamfanin ya taƙaita tura saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda tun Afrilun 2020, amma wannan bai hana a kwafa a manna ba. Abin da ya fi aiki shi ne a naɗa mace ɗaya, nas ko ungozoma ko malamar kiwon lafiya, wadda duk maganar lafiya sai ta bi ta hannunta. Da wuya a samu zumuntar da ba ta da irinta. Idan kuma wata uwa ce ta turo ƙarya, a kira ta a gefe a ce, "Mama, wancan saƙon ba daga likitoci ya fito ba, don Allah a cire shi." Tsawatar wa babba a gaban zaure yana korar ta ne, ƙawayenta su bi ta.

Sai 'yan damfara. Salonsu a zaurukan coci ya zama kamar karatu: a kira mace da ladabi, a ambaci sunan zauren, a ce akwai taron addu'a ta intanet da yamma, an turo mata lamba shida ta shiga, ta karanto. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinta. Da ta faɗa, sun ƙwace, sai su bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya da sunanta suna roƙon kuɗin asibiti. A lokacin annoba, wa zai ƙi? Rigakafin yana cikin saiti, sashen asusu: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri shida da ba shekarar haihuwa ba. Idan an riga an ƙwace, admin ta cire lambar daga zaure nan take ta sanar da kowa, mai layin kuma ta sake rajista da sabuwar lambar da za a turo mata ta tes. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana bakwai. Kwaikwayon manhajar irin su GB WhatsApp da yara ke sa wa iyayensu ma a guje su, ana rufe asusun WhatsApp a kansu.

Kuɗi ma yana son tsari. Baiko da gudummawa sun koma tura wa ta banki, da lambobin USSD irin su *737# da *894# da *919# waɗanda ke aiki ko a ƙaramar waya, ko ta hannun masu POS. Hoton shaidar tura kuɗi da aka sa a zaure ba hujja ba ce, ana ƙirƙirar na bogi. Ma'aji ta duba asusu da kanta kafin ta rubuta a littafi, asusun kuma ya zama na zumunta mai sa hannun mutum biyu, ba nata na kanta ba, ko don kare mutuncinta. A sa jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita kowane mako. Amma sunayen waɗanda aka kai wa mudun masara da kwalbar manja, da hotunansu riƙe da leda, ba na zaure ba ne. Haka sunan wadda ta kamu da cutar, sai da izininta, domin a wancan lokaci ƙyama ta fi zazzaɓin ciwo. A tuna kuma waya ɗaya sau da yawa ta gida ce duka, miji da 'ya'ya suna buɗewa. Roƙon addu'a a kan matsalar aure ya tafi ga Mama Fasto kai tsaye.

Hanyar da aka fi rainawa ita ce ta fi cika ma'auninmu: kiran waya na haɗaka, na layi zalla. Mai kira ta kira ta farko, ta ajiye ta a jira, ta kira ta biyu, ta danna haɗa kira, haka har mutum biyar ban da ita. Waɗanda aka kira ba sa buƙatar data ko kati ko babbar waya, ɗagawa kawai za su yi. Zumunta mai mata sittin ta kasu rukuni goma, kowanne da jagora ɗaya da mata biyar, an gama. Kuɗin yana kan mai kira, kuma kowane layi da lissafinsa: addu'ar minti goma sha biyar da mutum biyar daidai take da kiran minti saba'in da biyar. Saboda haka katin jagorori ya fito daga asusun zumunta, kuma a haɗa masu layin kamfani ɗaya a rukuni ɗaya inda tsarin kiran ya fi sauƙi a haka. Idan layin jagora ya yanke, kowa ya yanke, don haka ta tsaya inda sabis yake da ƙarfi, da cajinta. Wasu layukan sai an kunna musu wannan hidima tukuna, a gwada tun kafin ranar. A tsayar da lokaci guda, misali ƙarfe biyar na asuba ranar Laraba, don tsofaffi su ajiye waya kusa da matashi.

A irin wannan kira ne jagora take jin abin da zaure ba zai nuna mata ba: tari a muryar wata, ko "muna nan dai" da aka faɗa a sanyaye, wanda ke nufin tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya. Ko da gwamnatin tarayya ta sassauta wa wuraren ibada a watan Yunin 2020, an ci gaba da ba tsofaffi shawarar zama a gida, don haka su ne suka fi daɗewa suna buƙatar kiran.

A taƙaicen hukunci, WhatsApp ya cancanci zama ginshiƙi, kiran haɗaka ya cike giɓinsa, Zoom a bar wa shugabanni. Amma ukun duka suna tsaye ne a kan abu ɗaya da ba na intanet ba, wato littafin magatakarda. A ciki a rubuta sunan kowace mace, unguwarta, lambarta, irin wayarta, ko tana karatu ko sai murya, da lambar maƙwabciya ko ɗa da za a kira idan tata a kashe take. A sabunta shi sau biyu a shekara, domin layuka suna mutuwa, wayoyi suna ɓacewa, kuma dokar hana fita, ta annoba ce ko ta rikici, ba ta ba da sanarwar mako guda. Kwafi ɗaya a wurin magatakarda, ɗaya a wurin shugaba, a takarda.