Zuwa ga Yaya a Tawa, kan maganar farkawar dare

Yaya, ina wuni, ina gida, ya ƙarfin jikin Inna? Saƙon muryar da ka turo mini ta WhatsApp ranar Talata, ƙarfe 3 na dare ya shigo. A lokacin sanyi agogon Jamus ɗaya yake da na Tawa, don haka na san idonka biyu a wannan sa'ar. Ka ce kullum haka kake farkawa, har ka fara sayen ƙwayar barci wurin masu yawo da magani a tire. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma na sha wannan wahala, ban dai faɗa muku ba.

A shekarata ta biyu a Hamburg abin ya kama ni. Cikin Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, ba ta fitowa sai 8 da rabi na safe. Cikin Yuni kuwa har kusan 10 na dare gari da haske. Sai in farka ƙarfe 2, gida tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, ba kukan jaki, ba motsin butar Inna tana alwalar nafila. In kwanta ina lissafin haya da takardu da abin da zan aiko gida, har gari ya waye.

A nan ba a sayar da ƙwayar barci mai ƙarfi sai da takardar likita. Da na je, likitar ta ce ƙwayar tana sa sabo, sai ta rubuta mini manhajar waya mai suna somnio. Na ɗauka Jamusancin ne ban gane ba. Ashe a 2019 suka yi doka, daga 2020 likita na iya rubuta manhaja kamar yadda yake rubuta magani. Na aika takardar ga inshorar lafiya, suka turo lambar buɗewa ta kwana 90, ban fidda ko dala ba. Kada ka ce kyauta ce, kowane wata ana yankar kuɗin inshorar a albashina.

Manhajar ba ta sa barci, koyarwa take yi. Kowace safiya in rubuta lokacin da na kwanta, sau nawa na farka, da lokacin da na tashi. A ciki na koyi cewa barci zagaye yake yi, kowane zagaye wajen minti 90, kuma ɗan farkawa a tsakani kowa yana yi, mantawa ake. Abin da ke tsawaita shi shi ne duba agogo da fargabar gobe. Idan ka kai kamar minti 20 barci bai dawo ba, ka bar shimfiɗar, ka zauna inda ba haske sosai, sai idonka ya yi nauyi ka koma. Ni carbi nake ɗauka. Sannan ko ka kwana da kyau ko ba ka kwana ba, lokacin tashi ɗaya ne kullum. Wannan shi ya fi ba ni wuya, don asubar nan yawo take yi da watanni. Ku kuwa ladan yana tashinku kusan lokaci guda duk shekara, abin da na yi wata biyu ina nema da waya.

Akwai abin da masu manhajar ba su sani ba. Ba su san zafin Afrilu a Tawa ba, lokacin da kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya, mutum ya ja tabarma tsakar gida sauro ya ce ga ni nan. Wannan sai gidan sauro da yayyafa ruwa a ƙasa. Amma shayin fada bayan isha, har zagaye uku, da goron da ba ya barin bakinka, waɗannan kai ne da su. Sinadarin da ke cikinsu sai ya yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Ka mai da su kafin la'asar.

Akwai kuma darasin rage awoyin kwanciya na 'yan makonni. Kada ka gwada shi kai kaɗai, tunda hanyar Ƙonni kake tuƙi. Ita ƙwayar ma, don Allah kada ka yanke ta dare ɗaya, ka ɗauki sauran ka nuna wa likita, shi zai faɗi yadda ake ragewa. Idan kuma fitsari ne ke tashinka sau da yawa, a auna maka sukari.

Littafin lakwal da biro sun ishe ka. Ka rubuta na mako biyu, ka ɗauki hoton shafin ka turo mini mu duba tare. Kuɗin awon yana cikin abin da zan aiko ƙarshen wata. A gaida Inna, a ce mata bargonta yana hanya.