Gargaɗi ga masu babura a Garwa: ku yi hattara da mai sayar da "akwatin rage shan mai"

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni bakanike ne a nan Garwa ta Kamaru, kuma cikin wata guda babura uku aka turo mini gareji da ciwo iri ɗaya. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Akwai wani mutum da ke zagaya tashoshin 'yan acaɓa, yana kuma tura bidiyo a WhatsApp, da wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana mai wayoyi biyu da 'yar fitila. Wai idan ya ɗaura maka shi, baburinka ya koma mai allurar mai ta kwamfuta, wato kwamfuta ce ke auna mai ta fesa wa injin, ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ragu da rabi. Sefa 15,000 yake karɓa. Ban ga laifin waɗanda suka saya ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri da ake shigowa da shi daga can, ya yi tsada, litar gidan mai kuma ta kai sefa 840 a Fabrairun 2024. Wanda iyalinsa ke jiran abin da babur ya samo, dole kunnensa ya miƙe.

Na fasa akwatin da hannuna. Babu komai a ciki sai fitilar da wani ɗan ƙarfe mai rage ƙarfin lantarki, an zuba musu ƙaro. Boxer da TVS da yawancinmu ke hawa kafireto gare su, ba su da kwamfutar da akwatin zai yi magana da ita. To, me ya sa shan mai ya ragu a kwanakin farko? A nan muguntar take. Lokacin da yake "ɗaurawa" sai ya aike ka sayo ruwa ko kati, ya buɗe kafireton ya musanya jiklar, wato ɗan bututun da mai ke bi, da wanda ƙofarsa ta fi ƙanƙanta. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. Idan mai ya yi kaɗan, wutar ciki ta fi ƙima zafi, ga injin nan iska ce kawai ke sanyaya shi, ga zafin Garwa da ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Wani yaro, ƙanin maƙwabcina, a hanyar Pituwa injinsa ya buga ranar kasuwa, da fasinja a baya. Da na kwance, kan fistin ya ɓule, bujin ya yi fari fat kamar alli. Yaron nan bai gama biyan kuɗin baburin ba. Wallahi har yanzu abin na ci mini rai.

Masu sabbin babura na allura, ku ma ba ku tsira ba. Ku kuma yana jona akwatin ne a wayar na'urar auna zafin iska, kwamfuta ta ɗauka sanyi ake yi, ta ƙara mai. Shan mai ya ƙaru ke nan, buji ya yi baƙi.

Mayar da babur daga kafireto zuwa allura abu ne da ake yi na gaskiya, amma aiki ne babba. Sai an sa famfon mai, da allurar kanta, da kwamfutar inji, da na'urar da ke gane buɗin totur, a huda salansa a yi waldar wurin na'urar auna iskar hayaƙi, sannan a duba ko wutar baburin za ta ɗauki famfon. Bayan nan a jona kwamfutar tafi-da-gidanka a yi ta gwaji ana gyara lissafin mai. Ba a yin sa cikin minti goma a gindin bishiya.

Duk wanda aka riga aka ɗaura masa, ɗan'uwa, kada ka ƙara tafiya mai nisa. Je wurin bakaniken da ka sani yau ɗin nan, a cire akwatin, a mayar da jiklar mai lambar asali, a duba buji. Launin ƙasa-ƙasa ake so. Shugabannin tasha, don Allah ku karanta wa yaranku wannan, domin na ji an ce mutumin ya fara maganar Marwa da Ngaundere.